Kayan da Ba a Zo Ɗauka Ba

Zuwa ga 'yata Batir,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da marasa lafiyar da kike jinya a asibitin naku. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwa tana nan da halinta, kunne kuma sai abin da ya ƙaru. Shi ya sa ban kira ki a waya ba. Shekara arba'in ina kara kunnena a jikin sifika, yanzu in aka yi min magana a waya ji nake kamar ana juye tsakuwa a bokiti. Takarda ta fi min, ga kuma Direba yana bin hanyarku da motar kaya, shi zai miƙa miki.

Kada hankalinki ya tashi, ba wanda ya ji ciwo. Silin ɗakin tsakiya ne ya faɗo. Ina ɗakin gaba da hantsi ina narka dalma a bayan wani rediyo, sai na ji ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, domin ƙarar kam ban ji ta sosai ba. Da na leƙa, ƙura ta cika ɗakin, katakon rufi biyu sun karye, kwano ya lotsa har ana hango sama ta gefe. Akwai 'yan kayayyaki da na ɗora a saman silin ɗin, su ma sun sauko ba sallama.

Na tuna shekarar da Yaya mahaifinki ya rasu, Allah ya jiƙansa, gidan nan da nake ciki ya zama naki, kin ce min kin sa shi a inshora. Na yi miki dariya a lokacin. Na ce yarinyar da na sani tana lasar batir a ƙarƙashin teburina, har sunan ya bi ta, yau ita ce ke biya wa tsautsayi kuɗi tun bai zo ba. To ga shi ya zo, na janye dariyata. Ki turo mutanen su ga ɓarnar su biya kafinta, domin sama ta fara haɗa hadari, ni kuma ba na son kayan mutane su jiƙe.

Baffanki,
Mai Rediyo

*

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode wa Allah da ya tsare ka. Ina lafiya, sai gajiyar tsayuwa. Gwiwar nan ka daina shafa mata man inji, ba fanka ba ce. Ka sha maganin da na aiko maka.

Baffa, mene ne 'yan kayayyaki? Silin ba ya faɗowa saboda 'yan kayayyaki. Zuwana na ƙarshe na ga tsani jingine a ɗakin tsakiya, na tambaye ka, ka ce ɓera kake kora. Yanzu na fara gane irin ɓeran.

Na kira kamfanin, za su turo mai duba ɓarna. Amma ka karanta abin da zan faɗa da kyau, sau biyu in da hali. Inshorar da na yi ta gidan zama ce kawai, ba ta san da zaman wata sana'a ba. Idan mutumin ya zo ya ga wurin gyara, ko ƙusa ɗaya ba za su biya ba. Saboda haka kafin ya iso ka sauke allon da ke ƙofa. Duk abin da ya faɗo daga sama ka kwashe shi zuwa gidan maƙwabcinka mai sayar da siminti, ba zai hana ka ba. Teburin aiki ka rufe shi da zane ka ɗora butar shayi a kai. In ya tambayi dalili, ka ce katako ne ya tsufa, gara ta ci shi.

Kada ka ƙara komai a kan haka, don Allah. Na san ka da baƙo, in ka samu mai sauraro sai ka ɗauko masa tarihin wutar lantarki tun daga tushe. Ka nuna masa kunnenka ka ce ba ka ji, a nan kam ba ƙarya ka yi ba.

'Yarka,
Batir

*

Zuwa ga Batir,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya kike, domin har yanzu ban ga amsarki ba, shi ma Direba ba a jin ɗuriyarsa. Gwiwa da sauƙi.

Na san dai saƙona ya isa, tunda mutumin inshora ya zo. Ki gode musu, sun turo ɗan mutunci, har ya cire takalmi a ƙofa duk da ƙusoshin da ke warwatse, sai da na ce ya mayar. Ya tambayi abin da ke saman silin, na ce zo ka gani da idonka. Na nuna masa talabijin irin na da masu ƙaton baya, da rediyoyi, da fankoki, da rakoda, da duwatsun guga. Kowanne da 'yar takardarsa ɗaure da zare, sunan mai shi da abin da ke damun sa. Na faɗa masa kayan mutane ne da aka kawo gyara ba a zo ɗauka ba, wani ya fi shekara ashirin a hannuna, kuma ni ban taɓa zubar da abin wani ba balle in sayar. Ya yi ta girgiza kai yana rubutu, na ga alama abin ya burge shi.

Ya ɗauki hoton allon ƙofa, ya ɗauki na teburin aiki. Ya ce in tsaya a gefe in riƙe ƙarfen dalma, na gyara hula na tsaya. Ya tambaya ko mutane na shigowa kullum, na ce kullum, in ɗakin gaba ya cika har ɗakin tsakiya nake sa musu kujera su jira. Da zai tafi na lura tocilarsa tana ƙiftawa, na karɓa na gyara masa a tsaye. Ya nace sai ya biya, na karɓa na rubuta masa rasit, don ya san nan wurin aiki ne na gaske ba wasan yara ba. Ina ganin magana ta yi kyau, ki fara neman kafinta.

Ƙari. Na riga na ninke takardar nan sai ga Direba, wai motarsa ce ta kwanta a hanya yana jiran kayan gyara. Ya miƙo min taki. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, na biyun ya fi na farkon ɗaci.

Batir, ni kike so in sauke allona? Allon da mahaifinki ya riƙe min tsani na kafa shi? In lulluɓe teburina da zane kamar gawa, in ɗora masa buta, in ɗora wa gara laifin da ba ta yi ba? Ashe duk shekarun nan a takardarki ni ba mai sana'a ba ne, wani tsoho ne kawai da ke kwana a gidan. Ko da wasiƙarki ta riga mutumin nan zuwa, wallahi abin da na nuna masa shi zan nuna masa. Ban goge komai daga abin da na rubuta a sama ba, ki karanta ki ji daɗi.

Mai Rediyo

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da ciwon kai, kuma ka san inda na samo shi.

Kamfanin ya ƙi biya. Sun aiko min da amsa har da hotuna, ga ka nan a tsaye kana murmushi da ƙarfen dalma a hannu kamar wanda ya ci gasa. Har rasit ɗinka sun haɗa a ciki. Girgiza kan da ka ga yana yi ba burge shi ka yi ba, Baffa, tausayina yake ji.

Sun ce gidan da ake sana'a a ciki inshorarsa daban ce. Akwai ta kayan aiki, akwai ta kayan mutane da ke hannun mai gyara, akwai ta wanda ya shigo ya ji rauni. Kai kuma da bakinka ka faɗa musu har ɗakin tsakiya kake zaunar da mutane. Ka taɓa tunanin abin da zai faru da a ce silin nan a kan matar wani ya faɗo? Ni na san yadda kan mutum yake zama in abu mai nauyi ya sauka a kansa, aikina ke nan kullum. Kuma sunana ne a kan gidan, ni za a ja kotu, kai kana gefe kana cewa ba ka ji abin da alƙali ya faɗa ba.

Kana min wa'azin gaskiya, to ga gaskiya. Gara ba ta karya katakon ba, kai ka karya shi. Wane mai hankali ne zai yi ta ɗora talabijin a kan silin shekara da shekaru, ya kuma zo ƙasa ya shimfiɗa katifa? Mahaifina ya ƙare rayuwarsa a gidan haya don kai ka zauna a nan, kuma gidan nan shi kaɗai ya bar min. Na bar ka a ciki ban taɓa neman komai daga gare ka ba, saboda shi. Duk shekara ina biyan inshorar nan da tsayuwar da nake yi har ƙafata ta kumbura, ka rusa ta a wuni ɗaya da surutu.

Ga abin da na yanke. Ka kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe tarkacen nan gaba ɗaya, ka sauke allo, ka daina karɓar aiki. In ka yi haka zan san yadda zan yi a gyara rufin, ka zauna ka huta iya rayuwarka. In ba haka ba, mai siminti ya daɗe yana son gidan don ya faɗaɗa sito, zan sayar masa. Ba zan gyara rufi don ka sake cika shi ba.

Batir

*

Batir,

Na amsa gaisuwarki gwargwadon yadda kika aiko ta. Kin manta tambayar gwiwa, to tana gaishe ki. An yi ruwa, na shimfiɗa tamfol a kan kayan, ni kuma na koma kwana a ƙarƙashin teburin aiki, inda kika saba zama in kin biyo Yaya.

Katako ni na karya, na ji, ban musa ba. Amma kalmar tarkace ki mayar da ita bakinki. Akwai rediyon wani tela da ya ce zai dawo in ɗinki ya buɗe. Akwai fankar wata mata da ta bi mijinta jinya wani gari. Ba nawa ba ne, ba naki ba ne, balle na mai sikeli da zai auna su da kilo. Mutum ya miƙo min abinsa hannu da hannu, na rubuta sunansa na ɗaura, tun daga ranar yana wuyana har ya zo. Kuma suna zuwa. Bara wani malamin makaranta ya dawo neman rakodarsa, da ya kawo ta gashinsa baƙi ne, da ya zo ɗauka ba gashin ma. Na hau tsani na sauko masa da ita. A asibitinku in 'yan'uwan mara lafiya suka yi jinkirin zuwa, waje kuke fitar da shi?

Sannan ki ba ni amsar abu ɗaya. Ranar da kika je yin inshorar tun farko, kika zauna gaban mutumin kamfanin ya tambaye ki ko ana sana'a a gidan, me kika ce masa? Ke da kika koyi haɗa baƙi a kan allon ƙofar nan, kike miƙo min sukudireba tun ba ki kai tsayin tebur ba. Ba mantawa kika yi ba. Ko dai ta gidan zama ta fi araha, ko kuma kunya kika ji ki ce Baffanki mai gyaran rediyo ne. Zaɓi ɗaya ki faɗa min. Da kin tambaye ni, da na ce ki rubuta gaskiya, abin da ya ɗoru a kai ni zan cika.

Kin ce in huta. Wanda ya bar teburinsa a shekaruna ba hutawa yake ba, zaman jira yake, kuma kin san jiran me. Ba zan sauke allo ba.

Mai Rediyo

*

Baffa,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Tunda ka ce in zaɓa, babu ko ɗaya daga ciki. Mutumin ya tambaye ni ko akwai kasuwanci a gidan, na ce babu, kuma har yau ban ga kasuwanci ba. Kasuwanci shi ne a kawo, a gyara, a biya, a ɗauka. Kai a kawo maka, ka gyara, ba a biya ba, ba a ɗauka ba, ka ɗora a sama ka jawo tsani. Wannan ba sana'a ba ce, gadin kayan da duniya ta gama da su ne. Wa ke sauraron rakoda yanzu? Telan nan naka ko ya mutu ko ya sayi waya, ko a mafarki bai tuna da kai ba. Malami ɗaya ya dawo, shi kenan sai a rusa min gida a jira na biyu?

Kuma ka daina jawo min mahaifina a kowane layi. Ba uwarku ɗaya ba, ba ubanku ɗaya ba, kakanninku ne wa da ƙani. Ya ɗauke ka ɗan'uwa ya ba ka wurin zama, alheri ya yi maka, ba gado ya bar maka ba. Ni ma ina ce maka Baffa ne don haka na taso na ji ana faɗa.

Na yi magana da mai siminti, a shirye yake. Zuwa ƙarshen watan gobe ina so in ji ɗaya cikin biyu, ko kayan sun fita, ko kai da su kun fita.

Mai gidan

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma da gaske nake tambaya. Ya gwiwa? Maganin ya ƙare ko da saura?

Direba ya yi ta zuwa hannu rabbana, duk na tare shi sai ya ce ba a ba shi komai ba. Jiya ne ya ce ya gan ka a bakin kasuwa da tsakar rana kana tura baro da talabijin a ciki, kana tsayar da mutane kana nuna musu 'yar takarda. Ya yi maka hon ba ka waiwaya ba. Me kake yi da gwiwar nan a cikin rana? In don ka kunyata ni ne a unguwa, ka yi nasara, sai ka koma gida. Maganar kakanni da na yi, fushi ne ya rubuta ta. Na gwammace ka zage ni da wannan shirun naka, yana hana ni sukuni ko a wurin aiki.

Na koma kamfanin na zauna da su. Akwai inshorar mai sana'a a gida, kuma sun yarda su yi mana ita in an gyara rufin. Sharaɗinsu shi ne kada a sake ɗora komai a saman silin. A kafa kanta ta ƙarfe ta jera kaya a ɗakin baya, a sake wayoyin wutar ɗakin gaba, masu jira kuma su tsaya a gaba. Allonka yana nan a inda yake, wannan karon da sunan sana'arka a takarda. Rufin ni zan ɗauka, kada ka tambaye ni ta yaya. Na faɗa wa mai siminti ya nemi sito a wani wurin, har ya ɓata rai.

Ban janye cewa kai ka karya katakon ba. Ka amsa min.

Batir

*

Zuwa ga mai gidan,

Sallama. Ina lafiya, gwiwa ta kumbura amma ta kai ni duk inda nake so. Takardarki ta ƙarshe ta same ni, sai dai ba a gidanki ba, Direba ya sha yawo kafin ya gano ni. Ina bayan shagon wani da na koya wa aiki tun da daɗewa, yanzu magidanci ne yana gyaran waya. Ya ba ni lungu da benci. Makullinki yana wurin mai siminti.

Kin ce ko kayan su fita ko mu fita tare, sai na ga in yi duka biyun ya fi tsabta. Abin da Direba ya gani, mayar wa mutane kayansu nake. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kin yi gaskiya a kan tela, ya rasu. Ɗansa ya karɓi rediyon ya kunna, ya shige ciki da shi, sai matarsa ce ta fito ta yi godiya. Wasu sun yi min dariya. Wani ya ce in jefa a bola, na ce ga shi ka jefa da hannunka. Wata ta rantse ba ta taɓa ganina ba, amma ta karɓi dutsen gugar ta rufe ƙofa. Waɗanda ban samu kowa nasu ba suna nan ƙarƙashin bencina, ba su da yawa.

Saura ɗaya da na san mai shi, shi ne a kwalin da Direba zai ba ki. Rediyon Yaya ne, mai jakar fata. Ya kawo shi tun kina makarantar kwana. Waya ɗaya ce ta tsinke, na haɗa ta kafin ya shanye shayinsa, yana kallo. Ya ƙi ɗauka. Duk mako sai ya shigo ya ce, "Mai Rediyo, an gama?" Ni kuma in ce, "Ba a gama ba, Yaya." Sai ya ce to bari ya jira, ya ja kujera ya zauna, mu yi ta hira har rana ta yi sanyi. Haka muka yi ta yi har makon da bai zo ba. Wannan shi ne mutumin da kika ce ba uwa ba uba a tsakaninmu.

Da silin ya faɗo jakar ta yage, na ɗinke ta, na share masa ƙura, yana kama tasha tas. Tunda ke ce magajiya, naki ne, ya fita daga wuyana.

Inshorar taki ki bar ta a ta gidan zama, yanzu kam gaskiya ce, ba mai sana'a a ciki. Allona na sauke shi da hannuna, ba don kin ce ba. Gidan kuma ki sayar ko ki bari, ya rage naki.

Mai Rediyo

*

Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan kumburin ya sace. Ka ɗaga ƙafar sama in za ka kwanta, in bencin yana da wurin ɗagawa.

Kwalin ya iso. Na buɗe shi a ɗakin hutunmu, na ga 'yar takardar da sunan mahaifina da rubutunka. Na kunna. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka har sai da abokiyar aikina ta karɓi marasa lafiyata.

Sai dai aikin naka bai yi ƙarko ba, rediyon ya daina magana. Ga shi nan na mayar wa Direba. Kada ka wahalar da kanka da bincike, jar wayar da ke kusa da gidan batir ce, da almakashin asibiti na yanke ta.

Tunda yanzu ni mai kawo gyara ce, ina da ta cewa. Ban yarda a ajiye min rediyon mahaifina a lungun shagon waya a ƙarƙashin benci ba. Kafinta ya fara rufin, an kawo kanta, na sa hannu a inshorar mai sana'a, kuma ba ta san wani wuri ba sai gidan nan. In wani abu ya same shi a waje yana wuyanka, kai ka faɗa da bakinka. Ka rubuta sunana ka ɗaura masa, kuma ba a saman silin ba.

Zan zo ɗauka da kaina in na samu hutu.

Batir

*

Batir,

Lafiya lau. An karɓa, rediyo ɗaya mai jakar fata, waya a yanke. Ko ɓarna ba ki iya ba, kin haɗa da ta sifika. Kafintan da kika ɗauko ba ya jin magana, ya fi ni kurumta, kantar kuma ta yi kaɗan. Na karɓo makulli ne kawai saboda kayan mutane, kada ki ɗauka wani abu ne. Allon yana nan jingine da bango, ban samu mai riƙe min tsani ba.

Ki zo in kin samu hutun, akwai kujera. Amma ina faɗa miki tun yanzu, ba a gama ba.

Baffanki